Gidan Sambourne: Hawa Biyar da Suka Riƙe Shaidar Wani Zamani

A unguwar Kensington da ke yammacin birnin Landan akwai wani gajeren titi da ake kira Stafford Terrace. Gidaje ne jere dama da hagu, manne da juna, zubinsu ɗaya, tsayinsu ɗaya, kai ka ce da ma'auni guda aka yanko su. Wanda bai riƙe lamba ba zai wuce gida mai lamba 18 ko waiwaye bai yi ba. Ga shi kuwa hukumar Ingila ta sa shi cikin jerin gine-ginen da doka ta hana a rushe ko a sauya ba tare da izini ba, a matakin da suke kira daraja ta biyu mai tauraro, wanda kimanin 6 cikin 100 ne kawai na gine-ginen jerin suka kai. Babu sarkin da ya taɓa zama a cikinsa, babu wani shahararren mai tsara gini da ya zana taswirarsa. Ɗan kwangila ne ya gina shi don ya sayar ya ci riba. A ganina wannan rashin fice shi ne babban dalilin da ya sa ya cancanci kariya, domin fada tana ba da labarin mutum ɗaya ne, gidan da aka yi dubbai irinsa kuwa labarin al'umma yake bayarwa, muddin aka samu guda da ya tsira da kayansa da tsarinsa.

Kafin a fahimci wannan gida sai an san abin da ya matse gidajen Landan suka zama sirara dogaye. Na farko wuta ce. Bayan gobarar 1666 da ta cinye tsakiyar birnin, doka ta wajabta gini da tubali ko dutse, sannan dokokin da suka biyo baya, har zuwa babbar dokar gini ta 1774, suka ƙayyade kaurin bangon da ke tsakanin maƙwabta, suka tura katakon taga ya shige cikin bango don kada harshen wuta ya lashe shi. Na biyu tsarin mallakar ƙasa ne. Manyan iyalai masu filaye ba su cika sayar da ƙasa ba, haya suke bayarwa ta dogon zango, galibi shekara 99, magini ya gina da kuɗinsa ya sayar da ragowar shekarun, idan wa'adi ya cika ƙasa da gini su koma hannun mai fili. A irin wannan ciniki fuskar da ke kallon titi ita ce mai tsada, don haka magini yakan tsuke faɗin gida ya miƙa shi baya, ya ɗaga shi sama, ya samu ƙofofi da yawa a titi guda. Na uku yawan jama'a ne. Landan tana da mutum kusan miliyan ɗaya a 1801, zuwa 1901 da Sarauniya Biktoriya ta rasu sun haura miliyan shida. Haka gonaki da lambunan Kensington suka koma tituna, musamman bayan babban baje kolin 1851 da aka yi a Hyde Park da kuma isowar jirgin ƙasa na cikin gari unguwar a 1868.

Filin da Stafford Terrace ke kai na iyalan Phillimore ne, kuma maginin da ya ɗauki aikin raya shi tun shekarun 1850 shi ne Joseph Gordon Davis. Titin na cikin na ƙarshe da ya gina, daga ƙarshen shekarun 1860 zuwa farkon 1870. Salon da ya bi shi ne wanda kasuwa ke so a lokacin, wato kwaikwayon gidajen attajiran Italiya: tubali mai haske, farin shafe a gefen tagogi da ƙofa, 'yar rumfar shiga mai ginshiƙai, da taga mai kusurwa da ta turo ƙirji waje don ta jawo haske. Shafen nan yana da amfani biyu, yana ba tubali kamannin sassaƙaƙƙen dutse, kuma yana da arha. Manyan tagogin ma suna da tarihinsu, domin an soke harajin gilashi a 1845, na tubali a 1850, na taga a 1851, sai magina suka sami sararin buɗe bango. Wanda ya tsaya a tsallaken titi ya ɗaga kai zai lura tagogin ba girmansu ɗaya ba. Na hawa na farko sun fi tsayi da ado, daga nan suna raguwa har zuwa ƙanana na can ƙololuwa. Wannan ba son ran magini ba ne kawai. Fuskar gidan tana sanar da mai wucewa inda masu gida ke karɓar baƙi da inda 'yan aiki ke kwana tun kafin ya taka dandamalin ƙofa.

Gidan hawa biyar ne idan aka haɗa da na ƙarƙashi, kuma daga can ƙasa ya kamata a fara karanta shi. Tsakanin titi da bangon gida akwai wani rami mai shingen ƙarfe, da 'yar matakala da ke gangarawa zuwa wata ƙofa dabam. Ta nan mai nama da mai madara da mai burodi ke bi, ta nan kuku da masu aikin gida ke shiga da fita, ba sa haɗa ƙofa da masu gida. A irin waɗannan gidaje rumbun kwal yana ƙarƙashin hanyar masu tafiya da ƙafa, da murfin ƙarfe a sama, mai kwal ya buɗe ya juye buhu ba tare da ya shiga gida ba. Ɗakin girki da wurin wanke-wanke da ma'ajiyar abinci duk a wannan hawa suke, cikin ƙarancin haske da danshi. Daga nan aiki ke hawa sama a hannun mata: bokitin kwal zuwa murhun kowane ɗaki, ruwan zafi, akushin abinci, sannan toka da ruwan datti su sauko. Gidan da aka miƙe shi tsaye haka ba ya zaunuwa sai da ƙafafun da za su yi ta hawa da sauka daga asuba zuwa dare. Maginin ya san haka, mai saye ma ya sani, shi ya sa aikin gida ya kasance sana'ar da ta fi kowace ɗaukar mata a Ingila ta wancan zamani. Tsarin ginin da kansa ya ɗauka cewa akwai talakan da zai yi hidima da arha.

Daga babbar ƙofa ana shiga wani siririn lungu da ke kaiwa ga matakala. Ɗakin cin abinci na gaba wajen titi, bayansa ɗakin da uwargida ke zaman hantsi, tana rubuta wasiƙu tana karɓar ƙawaye. Hawa na farko na babban falo ne, wurin da iyali ke nuna wa duniya matsayinsu. Samansa ɗakunan kwanan manya, can sama kuma ɗakin yara da na mai aiki. Bahaushe ya san wannan hikima ta wata fuskar, domin a gidan gargajiya baƙo yana tsayawa a zaure, na kusa ya wuce shigifa, cikin gida kuma sai wanda ya isa. Abin da muke shimfiɗawa a ƙasa daga ƙofa zuwa ƙurya, su sun ɗora shi ne bisa juna daga ƙasa zuwa sama, matakala ta zama ita ce mai tantance wa zai kai ina. Sai dai akwai bambanci mai nauyi. A gidan Landan ma'aunin bai tsaya ga kusanci da kunya ba, ya haɗa da aji: 'yan aiki suna yini a can ƙasa, su kwana a can sama, masu gida kuma su riƙe tsakiya inda rufi ya fi tsayi, haske ya fi yawa, hawa bai kai ya gajiyar ba.

Wanda ya sayi wannan gida shi ne Edward Linley Sambourne, mai zanen barkwanci na mujallar Punch, wanda ya fara yi mata aiki a 1867. Ya auri Marion Herapath a 1874, 'yar wani mai hada-hadar hannun jari da ke zaune a unguwar, sannan a 1875 suka biya fam 2,000 don hayar shekara 89, da taimakon surukinsa. Abin da suka karɓa kwanso ne irin na kowa, su ne suka zuba masa rai. Sambourne yana sha'awar salon da masu zane na zamanin ke yayi, wanda ya ɗauki ƙawata gida a matsayin aikin fasaha. Ya lulluɓe bangaye da takardun ado na kamfanin William Morris, daga baya ya ɗora wa wasu takarda mai ruwan zinariya irin ta Japan da ke kama da jemammiyar fata. Ya cire gilashin wasu tagogi ya sa mai launi, musamman a bayan gida, inda gilashin ke tace haske yana kuma rufe ganin bayan gidajen maƙwabta. Ya sa akwatunan gilashi na shuke-shuke a jikin taga, ya jera tangaran mai shuɗi da fari na ƙasar Sin a kan kantoci, ya cika bango da hotuna har kusan ba a ganin takardar da ke bayansu. Duhun launukan da mai ziyara na yau ke mamaki yana da dalili, domin birnin da ke ƙona kwal a kowane ɗaki, yana kunna fitilar gas, ba ya barin farin bango ya daɗe da farinsa.

Abin da ya fi koyarwa shi ne yadda sana'ar mai gida ta yi ta lanƙwasa ginin. Maƙwabtansa masu arziki irin su mai zane Frederic Leighton sun gina gidaje da ɗakunan zane na musamman, shi kuwa ba shi da wannan ƙarfin, sai ya yi aikinsa a ƙarshen babban falo, wajen tagar baya da aka faɗaɗa. Da ya rungumi ɗaukar hoto don ya riƙa samun siffofin da zai kwaikwaya a zane, sai ya mai da tsakar gidan baya wurin ɗauka, yana tsayar da kansa da iyalinsa da 'yan aikinsa cikin shiga iri-iri, ya kuma mai da ɗakin wanka wurin wanke hotuna, da kwamin marmara da ya dace da aikin. Hotunan da ya tara sun kai dubbai masu yawa, suna nan har yau. Bayan 'yarsa Maud ta yi aure a 1898, ɗakin yara na can sama ya koma ɗakin zanensa, a can ya yi shekarunsa na babban mai zanen Punch, muƙamin da ya gada daga John Tenniel a 1901. Marion kuma ta bar littattafan da take rubuta al'amuran yau da kullum na shekaru fiye da talatin, da lissafin cefane da abincin baƙi da shigar 'yan aiki da fitarsu. Samun gini da kayansa da rubutun mazaunansa a wuri guda abu ne mai wuya ƙwarai, kuma shi ne ya mai da wannan gida hujja.

Tsirarsa ta faro ne daga riƙon iyali. Sambourne ya rasu a 1910, Marion a 1914. Ɗansu Roy, wanda bai yi aure ba, ya zauna a gidan har rasuwarsa a 1946 ba tare da ya sauya wani abin kirki ba. Maud ta gada, tana da wasu gidajen, ta bar shi yadda ta san shi tun ƙuruciya, daga ita kuma ya koma hannun 'yarta Anne, matar mai sarautar Rosse. A waɗannan shekaru masu ilimin Ingila sun raina duk abin da aka gina a zamanin Biktoriya, suna ganinsa tarkacen ado marar ɗanɗano. Bama-baman yaƙin duniya na biyu sun rusa wasu, masu sabunta birni suka bi sauran da guduma. Dokar tsara birane ta 1947 ta kafa jerin gine-ginen tarihi, amma masu tantancewa sun fi karkata ga abin da ya girmi 1840. A falon wannan gida ne Anne ta tara abokanta a Nuwamba 1957, kuma a nan aka kafa ƙungiyar kare gine-ginen zamanin Biktoriya a Fabrairu 1958, cikinsu har da marubuci John Betjeman da masanin tarihin gini Nikolaus Pevsner. Sun sha kaye da farko, domin an rushe babbar ƙofar tashar jirgin Euston a 1961 zuwa 1962 duk da kukansu. Amma a 1967 tashar St Pancras ta sami kariya ta daraja ta ɗaya, a 1968 kuma doka ta wajabta neman izini kafin a taɓa ginin da ke cikin jeri. A 1980 majalisar babban birnin Landan ta sayi gidan da kayansa, ƙungiyar ta buɗe shi ga jama'a, daga baya ya koma hannun ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea, wadda ke kula da shi yanzu.

Duk da haka akwai masu ƙalubalantar adana gidan. Mai ƙalubale na farko zai ce, in dai gidan irin na kowa ne, me ya sa za a kashe kuɗin jama'a a kansa alhali dubbai irinsa na tsaye? Zai iya nuna gidan Leighton da ke kusa, da zaurensa na salon Larabawa wanda aka lulluɓe da tsofaffin fale-falen tangaran na Dimashƙu, ya ce ga abin da ya cancanci adanawa. Gidan Leighton ya cancanta, babu musu, amma abin da yake nunawa shi ne burin mutum guda mai dukiya da suna. Dubban gidajen da ake cewa suna tsaye kuwa fuskokinsu ne kawai suka rage. An yanyanka cikinsu zuwa ƙananan gidajen haya, an toshe murahu, an fasa bangaye, an mai da ɗakin girki na ƙarƙashi ɗakin kwana mai tsada. Wanda ya shiga ɗaya daga cikinsu ba zai gane yadda aka rayu a ciki a 1880 ba. Abin da ya yi yawa shi ne ya fi saurin ɓacewa, domin kowa yana ɗauka akwai wani a gaba, har ranar da za a duba a ga babu. Akwai kuma abin lura game da iyakar doka: jerin yana kare gini da abin da ke manne da shi, ba ya hana magada sayar da kujeru da hotuna da takardu. Da Anne ta kai kayan kasuwar gwanjo, da bango ya tsira amma shaida ta watse.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi ga mai karatu ɗan Afirka. Wannan gida na zamanin mulkin mallaka ne, mai shi kuma yana cikin masu sarrafa tunanin jama'ar da ta mamaye ƙasashen wasu. Sambourne ne ya yi shahararren zanen 1892 da ke nuna ɗan mulkin mallaka Cecil Rhodes ya buɗe ƙafafu bisa nahiyar Afirka, ɗaya a kudu ɗaya a Masar, riƙe da wayar tangaraho. Yana babban mai zanen Punch lokacin da sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Me zai sa a girmama ɗakin da irin wannan alƙalami ya yi aiki? Amsata ita ce adanawa daban, yabo daban. Alƙali ba ya ƙona shaida don ta ƙunshi abin ƙi. Wanda yake son ya san yadda daula ke zama abin yau da kullum a idon mutanenta, ya dubi falon da aka jera tangaran na Sin da takardar Japan da katakon ƙasashe masu zafi, duniya duka ta zama kayan ado a gidan ma'aikacin jarida. Kuma shaidar ba fuska ɗaya gare ta ba, domin hannun nan ne a 1906 ya zana Sarki Leopold na Beljiyam a siffar maciji ya nannaɗe wani mutumin Kwango, don tona asirin zaluncin da ake yi wajen tara roba. Mutum guda ya zana girman kan mamaya, ya kuma zana muninta idan ta wani ce. Wannan saɓani darasi ne, kuma an fi fahimtarsa a inda aka haife shi.

Ƙalubale na uku shi ne cewa gidan bai kai yadda ake zuzuta shi ba wajen zama yadda yake, kuma gidan da ba mai kwana a ciki gawa ce da aka yi wa kwalliya. Akwai gaskiya a nan da bai kamata a ɓoye ba. Anne ta sabunta adon wasu ɗakuna a shekarun 1960, sannan hawan ƙarƙashi, inda 'yan aiki suka yi rayuwarsu, shi ne ya fi kowane sauyawa, har ta nan ne masu ziyara ke shiga a yau. Ke nan iyalin sun adana abin da suke ƙauna, falo da ɗakin cin abinci, wurin wahala kuma bai samu wannan gata ba. Amma wannan giɓin ma yana faɗin wani abu game da wanda tarihi ke tunawa da wanda yake mantawa, kuma abin da ya rage ya isa a cike shi: matakalar waje tana nan, tazarar da ke tsakanin ɗakin girki da ɗakin kwanan mai aiki tana nan, rubutun Marion da hotunan mijinta sun riƙe sunaye da fuskokin wasu daga cikin waɗanda suka yi hidimar. Batun cewa gida na zama ne, gaskiya ne, kuma sauran gidajen titin ana zaune a cikinsu har gobe. Ware guda ɗaya don a riƙa auna sauran da shi ba asara ba ce ga birni mai miliyoyin mazauna.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Littafi zai iya gaya wa ɗalibi cewa al'ummar Biktoriya ta rabu aji-aji, cewa jin daɗin matsakaitan masu hali ya tsaya ne bisa kwal mai arha da hidimar mata 'yan aiki da kayan da jiragen ruwa ke kwasowa daga nesa. Ɗalibin zai haddace ya manta. Amma idan ya shiga ta ƙofar ƙasa a lamba 18, ya hau matakala hawa bayan hawa har numfashinsa ya fara sama-sama, ya tuna cewa wata yarinya ta yi wannan hawan sau da yawa kowace rana da bokitin kwal a hannu, to ya san abin a jikinsa. Davis ya gina gidan ne don riba, Sambourne ya ƙawata shi don jin daɗi da neman suna, babu ɗayansu da ya yi nufin barin darasi. Jikar Sambourne da abokanta ne suka gane, a lokacin da ra'ayin zamani ke gaba da su, cewa ƙyamar da wani ƙarni ke yi wa ɗanɗanon kakanninsa ba ta isa hujjar rushewa ba, domin ɗanɗano yana juyawa, abin da aka rusa kuwa ba ya dawowa. Hayar shekara 89 da aka saya a 1875 ta daɗe da cika, amma gidan na nan da takardun bangonsa da gilashinsa masu launi, yana karɓar duk wanda ya zo da niyyar karanta shi daga ƙasa zuwa sama.